Rabin Kwalbar da Ke Kan Taga

Ɗana, matso nan kan tabarma, ba faɗa zan yi ba. Jiya da na shiga gidanka duba jikata, 'yar amaryata, sai idona ya faɗa kan kwalbar amoksisilin a taga, rabinta bai taɓu ba. Da na tambaya aka ce na kwana biyar likita ya rubuta, amma da zazzaɓi ya sauka rana ta biyu kuka ajiye saura don wata rana. Har an ɗibar wa ɗan maƙwabta cokali biyu wai yana mura. Na san zumunci ne, na kuma san yadda kuɗi ya yi wuya tun da rikicin 2015 ya raba mutane da gonakinsu na bakin Komadugu. Sai dai wannan tattalin naka asara ce ka ajiye.

Kai manomin tattasai ne, bari in yi maka magana da abin da ka sani. In ka tsinka maganin feshi da ruwa don ya ishi gona duka, me ke biyo baya? Ragwayen tsutsotsi su mutu, masu taurin rai su tsira, su ne kuma za su hayayyafa. Baɗi ka fesa musu maganin nan, kamar ka yi musu yayyafi. Da bakinka ka kawo mini wannan kukan bara. To haka ƙwayoyin bakteriya suke a cikin mutum. Duk lokacin da suka ɗanɗana magani bai kashe su ba, waɗanda suka jure su ke gadon wurin, daga nan su bi hannu, su bi ruwan randa, su shiga ƙannen yarinyar. Baturen da ya gano fenisilin a 1928, Alexander Fleming, shi da kansa ya ja kunne a kan shan ƙasa da ƙima ranar da ya yi jawabin karɓar kyautar Nobel a 1945.

Shi kuwa ɗan maƙwabcin naka, cutarsa kuka yi ba ku sani ba. Mura bairos ke kawo ta, amoksisilin ba shi da abin da zai yi mata. Ka tuna ciwon shawarar da ya ɓarke a nan Diffa a 2017, wanda likitoci suka kira hepatitis E, ya fi ɗaukar mata masu ciki? Shi ma ba kafso ya tsayar da shi ba, ruwa mai tsabta da sabulu da gyaran salga ne. Sannan shi maganin ruwan da ke kwalbar nan, da zarar an dama shi, ko a firij yake sati biyu ne iyakarsa, balle taga a zafin garin nan.

Mai tallar magani da ke zagaya kasuwa da tire ba na zaginsa, abincinsa yake nema. Amma ba ya auna yaro, ba ya gwada jini, kafso biyu ja da ɗorawa zai ƙirga maka daidai canjin aljihunka, rana kuma ta yini tana dukansu. Haka masu soka wa saniya teramisin da safe su tatse ta da yamma, mu sha a fura.

Kada ka ce tsoho ya cika tsoro. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1 da dubu 270 ne cututtukan da suka daina jin magani suka kashe a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a gaba. Mu ke nan. Ranar da magani mai araha ya daina ci, sai allura mai tsada, sai kwanciya a babban asibiti, wataƙila har Damagaram ko Yamai. Ina kuɗin mota, ina na jinya?

Gobe da sassafe ka ɗauki yarinyar da kwalbar ku je ƙaramin asibiti, wato CSI, ka faɗa wa majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, gaskiyar kwana nawa ta sha, kada ka ƙara ko ɗaya don kunya. Abin da ya ce, shi za a bi. In kuɗi ne matsalar, ka biyo ta nan kafin ka wuce.