NISHI: RAKI NE KO NEMAN SAUƘI?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, nishi shi ne ɗan sautin nan da kan fito daga ƙirjin mutum idan wuya ta kai masa. Ba kuka ba ne, ba ihu ba ne. Akan ce majinyaci yana nishi, mai naƙuda tana nishi, ɗan dako yana nishi a ƙarƙashin kaya. Larabawa suna kiransa "anin".

Sau da yawa akan ga masu jinya suna tsawata wa mara lafiya, wai nishinsa rashin tawakkali ne. To, me malamai suka ce?

An ruwaito cewa Imamu Ahmad ɗan Hambali yana kwance cikin ciwon ajalinsa, a shekara ta 241 bayan Hijira, sai aka gaya masa cewa Ɗawusu, malamin nan na Yaman, ya karhanta nishi, domin ana rubuta shi. Daga nan ba a sake jin nishinsa ba har ya cika. Wannan matsayi ne na manyan bayi.

Amma Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha ta koka da ciwon kai a gaban Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai kuwa hana ta ba, sai ma ya ambaci nasa ciwon. Saboda haka Ibnul Ƙayyim ya raba nishi gida biyu: na ƙorafi da hukuncin Allah, wannan shi ne abin ƙi, da na neman sauƙi, wanda babu laifi a cikinsa. Na farkon shi ne ɗan'uwan raki. Annabi Ayuba da kansa ya kai kukansa ga Ubangijinsa, Alƙur'ani kuma ya shaide shi da haƙuri.

Ashe ke nan abin dubawa zuciya ce, wadda Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinta. Wanda ya ji nishin ɗan'uwansa, kada ya ƙara masa da faɗa. Ya matso kusa, ya yi masa sannu, ya nema masa magani, ya tuna masa cewa ko ƙaya ce ta soki mumini, ana kankare masa zunubi da ita.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba masu jinyarsu haƙuri, amin.