Ko Wajibi Ne Mu Manta da Laifin da Aka Yi Mana?

Sau da yawa mukan ji mutum ya ce, "Na gafarta masa, amma ban manta ba." Waɗansu kuwa sukan ce wannan ba gafara ba ce. To, bari mu duba ko mantuwa tana cikin ikon mutum.

A cikin ƙwaƙwalwarmu akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana miƙa saƙo ga 'yan'uwanta ta wurin ƙananan mahaɗai. Wani masani a Amurka, Eric Kandel, ya yi shekaru yana binciken wani irin dodon koɗi na teku. Ya ga in aka razana shi sau ɗaya, mahaɗan nan sukan yi ƙarfi na 'yan mintoci, kana su koma yadda suke. Amma in aka maimaita sau huɗu ko biyar, da hutu a tsakani, sai ƙwayoyin su ƙera sabon sinadarin da ake kira furotin, su tsiro da sababbin mahaɗai, dabban kuwa ya riƙe abin kwana da kwanaki. Sabili da wannan aiki ya sami rabo cikin kyautar Nobel a 2000. Ashe tunawa gini ce cikin jiki, ba a rushe ta da umarni. Kada fa mu ga laifin wanda aka cuta domin bai manta ba.

Amma da sauran magana. A wannan shekara ta 2000, Karim Nader da abokan aikinsa a birnin New York suka koya wa ɓeraye tsoron wani sauti. Da tsoron ya kafu, suka sake jiyar da su sautin, nan da nan suka zuba musu maganin hana ƙera furotin cikin ƙwaƙwalwa. Kashegari tsoron ya ragu ƙwarai. Waɗanda aka ba su maganin ba tare da sun sake jin sautin ba kuwa, tsoronsu yana nan. Watau abin da aka tuno yakan yi laushi kamar ɗanyen yumɓu, sai an sake gina shi.

Lalle ɓera ba mutum ba ne, amma akwai darasi a nan. Tunanin da ya faɗo mana da kansa ba laifinmu ba ne. Amma in kowane dare muna bitar yadda ɗan'uwa ya ci mana iyakar gona, muna ba da labarin a bakin rijiya da kasuwa, mu ne magina, muna ƙara wa ƙiyayya tubali. Sa'ad da laifinsa ya zo mana a rai, bari mu tuna kuma da ranar da ya ɗauki ɗanmu zuwa asibiti, gama abin da muka cuɗa cikin yumɓun, da shi zai bushe.