Muryar Yaro Amana Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa masu karatu, tambayarmu ta wannan mako ta shafi iyayen da 'ya'yansu ke makarantun kuɗi, irin na unguwar GRA a nan Katsina. Idan malamin waƙa ya koya wa ƙananan yara kirari ko kukan murya na wata ƙasa, kamar wanda Turawa ke kira yodal, shin uba ya hana, ko ya ƙyale?

Da farko ya kamata mu san abin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Yodal kira ne na makiyayan tsaunukan Suwizalan da Ostiriya. Mutum yakan fara da muryar ƙirji, sa'an nan ya karya ta zuwa siririyar murya, ya komo da sauri, har amon ya tsallake kwari ya kai ga shanu ko maƙwabci. Galibi ba kalmomi a ciki. Mutanen Suwizalan sun kafa masa ƙungiya tun 1910 don kada ya ɓace. Ashe kuwa ba baƙonmu ba ne sosai, gama Bafulatani yana da kiran da shanunsa suka sani, mata kuma suna da guɗa.

To, mene ne matsayin murya? Ya tabbata a Buhari cewa Anjasha yana rera wa raƙuma waƙar tafiya a ayarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai hana shi ba, sai dai ya umurce shi ya sassauta saboda matan da ke bisa raƙuman. Haka kuma an fifita Bilal da kiran salla domin muryarsa ta fi kai wa nesa. Malamai sun yi saɓani mai tsawo game da kayan kiɗa, ba mu raina saɓaninsu ba. Amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya bayyana a Ihya'u Ulumiddin cewa sauti mai daɗi ba haram ba ne a kan kansa. Abin da ya rataya da shi ne ke canja hukunci.

Saboda haka uba ya duba abu uku. Me ake rerawa? A wane irin zama? Me aka ture domin a ba shi wuri? Na ukun nan shi ya fi damuna. Yaron da ya iya kiran makiyayan Turai, alhali bai iya fitar da haruffan Fatiha daga mafitarsu ba, bai kuma taɓa jin cewa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da mata addini ta hanyar waƙa ba, lalle an yi masa gini ba tushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma wanda ya fitar da ɗansa daga aji don kawai sautin baƙo ne, shi ma ya yi gaggawa. Sanin yadda wasu al'ummai ke sarrafa murya yana koya wa yaro numfashi da saurare, waɗanda mai tajwidi ma yake bukata, yana kuma nuna masa ayar Allah cikin bambancin harsuna.

Shawarata ga iyaye ita ce su je su zauna da malamin, su nemi a fara da na gida, a biyo da na waje. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, amin.