Wa ke da ikon cewa “da sauƙi”?

A Keita ka tambayi majinyaci ya jiki, ko numfashi yana yi masa wuya, zai ce da sauƙi. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Ladabi ne ga Ubangiji, kuma malamanmu kan kafa hujja da ayar ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ta yi magana kan gwargwadon nauyin da ake ɗora wa rai.

Damuwata ita ce bakin da maganar ke fitowa. Fari ya cinye yankin Adar, inda Keita take, a 1984. Mata suka jiƙa anza kwana da kwanaki, suna zubar da ruwan ɗacinta kafin a kai baki. Su ne kuma suka yi ta dakon duwatsu a ka cikin aikin raya ƙasar Keita da Italiya ta ɗauki nauyinsa, ana biyansu da abinci. In ɗaya daga cikinsu ta ce an jure, ta isa ta faɗa. Amma masu ba da labarin ai waɗanda suka rayu ne. Yaran da aka binne ba a ji ta bakinsu ba.

A 2005 Shugaba Tandja Mamadu ya musanta cewa ana yunwa a Nijar, alhali uwaye na layi da ƴaƴansu a cibiyoyin tamowa na jihar Tawa. To, haƙurin wa ake aunawa? Ni dai a ganina mai ciwo kaɗai ke da ikon cewa da sauƙi. Kai da ka zo dubiya, ka amsa da Allah ƙara sauƙi, sannan ka leƙa rumbunsa ka ga ko akwai hatsi.