Rijiya da Guga: Baikon Mai Ƙaramin Ƙarfi a Ƙasar Bakolori

Duk ranar Lahadi, a 'yan majami'un da ke Talatar Mafara, akwai lokacin da ake tayar da waƙa a zagaya da kwanon baiko. Masu jefa kuɗi a cikinsa ba attajirai ba ne. Akwai malamar firamare, akwai ma'aikacin jinya, akwai mai sayar da kayan gyaran babur, akwai ɗalibin kwalejin Abdu Gusau wanda guzurin da aka aiko masa daga gida ya ƙare tun wata bai raba tsakiya ba. Kiristoci 'yan tsiraru ne a wannan yanki, amma talaucin da ke kansu shi ne ke kan maƙwabtansu, ba ragi ba ƙari. To, da wane haƙƙi ake miƙa kwano ga wanda bai san abin da zai ɗora a murhu gobe ba? Kuma idan aka ce masa bayarwa hanya ce ta ratsa ƙunci, gaskiya aka faɗa masa ko romon baka aka yi masa?

Ƙuncin ba ya buƙatar dogon bayani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an kuma rufe kasuwannin mako domin a takura 'yan bindiga, garin da ke ɗauke da sunan ranar kasuwa ya ɗanɗana abin da rufe kasuwa ke nufi. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, tiyar hatsi da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi. A ƙauyuka da dama na yankin, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Mutumin wannan ƙasa ya saba da hannayen da ake miƙo masa, na mai bindiga da na mai bin bashi. Wajibi ne hannun da ke riƙe da kwanon baiko ya nuna abin da ya raba shi da waɗancan.

Akwai wata amsa mai saurin shiga kunne, wadda ke zuwa mana ta talabijin da wayoyin hannu daga manyan majami'un birane. Ita ce koyarwar shuka iri: ba da dubu, Allah ya mayar maka da dubu goma, wanda bai ga canji ba, irinsa ne ya yi kaɗan ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Ana jingina ta da babi na 3 na littafin annabi Malakai. Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba, domin ya san al'adar biki, inda mace ke kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna, tana sane za a mayar mata da abin da ya fi haka idan nata ya zo. Tsakanin mata biyu wannan dabara ce ta rufa wa juna asiri, kuma kowace na da bakin yin ƙorafi idan aka ci amanarta. Amma wanda ya mai da Allah abokin biki ya shiga cinikin da ba shi da wurin kai ƙara. Idan riba ta zo, mai wa'azi ya yi gaskiya. Idan ba ta zo ba, laifin na mai bayarwa ne. Kuɗin kuwa, ko ta zo ko ba ta zo ba, sun riga sun isa inda za su.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun sun taɓa jin irin wannan alkawari, ba daga bakin mai wa'azi ba. Tsakanin 1974 da 1978 gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Abin da aka ce wa manoma shi ne su fara bayarwa. Su saki gonakinsu a baje su, a haƙa magudanai, daga baya a mayar musu da ƙasar da za ta ba da amfani sau biyu a shekara. Ruwan tafkin ya cinye ƙauyuka da fadamu ta wajen Maradun, aka kwashe dubban mutane zuwa tudun da bai kai ƙasarsu ta gado albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin aikin sun yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuma ta yi ta tafiyar hawainiya. Da suka gaji suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, sai a watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi ɗan ƙaramin adadi na waɗanda suka mutu. Mutanen yankin da masana irin su Dakta Yusufu Bala Usman suka ce abin ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi dacewa da zancenmu. Daga cikin kimanin hekta 23,000 da aka shirya wa noman rani, kaso mafi girma an tsara shi ne a kan injunan fesa ruwa masu buƙatar lantarki da kayan gyara daga ƙetare, kuma ba a daɗe ba suka tsaya cik. Manoman fadama da masunta da ke can ƙasan madatsar, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke ciyar da shinkafarsu da kifinsu, suka ga ruwa ya ja baya ba tare da an shawarce su ba. Gulbi bai ƙafe ba, ruwa na nan jibge. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ba ina cewa madatsar ba ta amfani kowa ba. Shinkafa da dankali da albasar da ake lodi daga yankin shaida ne. Abin da nake cewa shi ne, talaka ya cika nasa ɓangaren tun farko, wanda ya karɓa ne ba a iya tuhuma ba.

Da wannan idon ya kamata a sake karanta labarin da aka fi kawowa idan za a zagaya da kwano, wato na gwauruwar da ta jefa 'yan aninai biyu a baitulmalin Haikali, a babi na 12 na Bisharar Markus. Yesu ya ce ta fi dukan mawadata bayarwa, domin abin da ta dogara da shi ke nan gaba ɗaya. Masu wa'azi kan tsaya a nan. Sai dai a ayoyin da ke gab da labarin, Yesu ya gama la'antar malaman da ke cinye dukiyar gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, kuma da aka fita daga wurin ya yi annabcin rushewar ginin da kuɗin nata suka shiga. Matar ta sami yabo. Tsarin da ya karɓe aninanta na ƙarshe bai samu ba. Duk wanda ya ɗauko yabon ya bar gargaɗin, ya yanke labarin ne daidai inda ya fara shafarsa.

A Attaura ma ba a sa zakka ta riƙa hawa sama ta tsaya ba. A babi na 14 na Maimaitawar Shari'a an umarta cewa kowace shekara ta uku a tara ushirin amfanin gona a cikin gari, domin Balawe wanda ba shi da gadon ƙasa, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. An kuma hana mai gona share gefen gonarsa tas, a bar wa mabuƙaci ya yi kala, kalmar da duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya sani. Gwauruwa a wannan tsari mai karɓa ce kafin ta zama mai bayarwa.

Wannan shi ne ma'anar riƙon amana, wanda ikkilisiya ke koyarwa da cewa dukiya ta Allah ce, mutum wakili ne a kanta. Manomin Bakolori ya fi ɗan birni saurin gane shi. Ruwan da ke ratsa magudanar da ke bakin gonarsa ba nasa ba ne, rabonsa kawai ke ciki. Idan na kusa da bakin ruwa ya toshe ya sha shi kaɗai, shinkafar na can wutsiya ta bushe. Idan kowa ya ƙi fitowa yashe laka da ciyawa, har na gaban ma wata rana ruwa ba zai iso shi ba. Shi ya sa da aka zo gyaran Bakolori a ƙarƙashin shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka ba da ƙarfi ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda za su tara kuɗi a tsakaninsu su kula da ƙananan magudanai. Kuɗin da manomi ke bayarwa a nan ba cin hanci ne ga gulbi ba. Hanyar ruwan ce yake gyarawa, wadda shi ma da ita yake sha.

Mai karatu na iya cewa, in haka ne me zai hana a ɗauke wa talaka baiko ɗungurungum? Maƙwabtanmu Musulmi suna da nisabi, wanda dukiyarsa ba ta kai shi ba babu zakka a kansa, yana ma cikin masu karɓa. Hikima ce babba, kuma ikkilisiyar da ke tsoratar da mai bashin asibiti da la'ana saboda bai kawo ushiri ba tana da abin koyo a nan. Manzo Bulus da kansa ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba a nufin wasu su huta wasu su ƙuntata. Duk da haka ban yarda a ce wa talaka ya naɗe hannu ba, kamar yadda nisabi bai hana talakan Musulmi sadaka ba. A ikkilisiyar da kusan kowa talaka ne, idan aka cire talakawa daga masu bayarwa babu wanda ya rage. Sannan wanda aka mayar mai karɓa kawai ya rasa bakin magana. Ba ya iya tambayar inda kuɗi suka tafi, domin ba shi da ko sisi a ciki. Naira ɗari ɗin da malamar firamare ta jefa ita ce ta ba ta ikon ɗaga hannu ranar taron ikkilisiya.

An ga inda irin wannan ya yi aiki. A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya, tun wajen 1910 matan ikkilisiya suke ware dunƙulen hannu ɗaya na shinkafa duk lokacin da za su ɗora tukunya, a tara, a sayar, a yi hidima da kuɗin. Ba wadda aka yi wa alkawarin buhu goma. Mu ma ba mu rasa irinsa ba: gayya, adashi, rumbun tsimi da magidanci ba ya buɗewa sai damina ta yi tsakiya, da yadda Zumuntar Mata kan haɗa hatsi da sabulu a kai gidan da aka yi rasuwa ko haihuwa. Amfanin wannan a fili yake ga mai lissafi. Masifa ba ta faɗa wa gidaje hamsin a rana ɗaya. Yau ciwon ɗan wannan ne, gobe kuɗin makarantar 'yar wancan. Abin da ke tura talaka rami shi ne bashin gaggawa, wanda ake ci lokacin da hatsi ya yi tsada a biya da kaka lokacin da ya faɗi, ko sayar da akuya ɗaya tilo a rabin kuɗinta. Asusun da zai tare wannan rana ɗaya ya hana mutum asarar shekara guda.

Kada a ɗora wa kwano abin da ba zai iya ɗauka ba. Baikon gidaje hamsin ba zai sauko da farashin mai ba, ba zai buɗe hanyar gonar da 'yan bindiga suka tare ba, kuɗin fansa ɗaya ma ya isa ya share abin da aka tara a shekara. Waɗannan suna wuyan masu riƙe da amanar jama'a, kuma abin lura ne cewa Bakura da Talatar Mafara da Maradun kowanne ya fitar da gwamnan Zamfara tun daga 1999. Tambayar guga da rijiya ta hau kansu fiye da kowa.

A cikin ikkilisiya kuwa, sharaɗin yana kan mai riƙe da kwanon. Lokacin da Bulus ya tara gudummawa daga matalautan ikkilisiyoyin Makidoniya domin mabuƙatan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya tafi da mutanen da ikkilisiyoyin suka zaɓa da kansu, don kada a sami abin zargi. Idan manzo ya ga yana buƙatar shaidu, ban ga fasto ko ma'ajin da ya fi ƙarfinsu ba. A ƙirga baiko a gaban mutum fiye da ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a, a ware kason mabuƙata tun kafin a yi maganar fenti da lasifika. A sa mata cikin masu riƙe da makulli, domin su suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Kuma idan an zo rabo a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a tuna cewa baƙon da Attaura ta ambata ba ɗan ikkilisiya ba ne. A Talatar Mafara ta yau, sau da yawa wata mata ce da ta gudo daga ƙauye da 'ya'ya huɗu, tana kwana a kangon da ke bayan majami'a, tana kuma salla biyar a rana.