Wankau: Zagi Ne Ko Sana'a?

Yau Juma'a, duba sahun gaba: fararen kaya tas, shadda ta sha sitaci da guga. Amma wa ya wanke su? Mutumin nan da muke kira wankau, wani sa'in har da yatsine fuska. A nan Sabo, in aka ce yaro ya zo daga gida ya kama wankau, sai ka ji ana "Allah sarki", kamar wata masifa ce ta same shi.

Kalmar kanta ba ta da aibu. Daga wanki ta fito: ka wanke kayan mutane a biya ka. Maƙwabtanmu Yarbawa na cewa alagbafo, wato mai karɓa ya wanke. Wasu malaman tafsiri ma sun ce Hawariyawan Annabi Isa (AS) masu wankin tufafi ne, kuma daga farin tufafin suka samo sunan. To ina abin kunya?

Mu dubi nauyin da ke kansa. Shi yake tsintar kuɗin da ka manta a aljihu. Shi yake ganin tabon da ba ka so kowa ya gani. Sirrin gidanka na hannunsa. A fiƙihun Malikiyya kuma, mai sana'ar da ya tafi da kayanka shi ke da lamuninsu: in riga ta ɓata ko dutsen guga ya ƙona ta, zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne.

Mu fa, me ke kanmu? Ya sayi sabulu, ya sayi ruwa, ya sayi gawayi da kuɗinsa, damina ta hana shanya, ya kawo kaya, sai mu ce "ka dawo jibi". Jibi ta zama wata guda. Alhali addini ya hore mu da biyan ɗan ƙwadago kafin zufarsa ta bushe.

Don haka raini bai kamaci mai cin guminsa ba. In akwai abin kunya, yana wajen wanda ya tsaya gaban Ubangiji da farar riga, kuɗin wankinta na wuyansa. Ɗan'uwa, kafin ka koma shago yau, ka bi ta wurinsa, ka gaishe shi da sunansa, ka ba shi haƙƙinsa. Allah Ya wanke mana zukata. Amin.