Shin Sarar Itace A Dajin Falgore Laifi Ne In Ba Wanda Ya Gani?

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ga tambaya. Ka sha ganin buhunan gawayi a gefen hanyar Kano zuwa Jos, daga Tudun Wada har Doguwa. To, wa ke da ƙiryar da aka ƙone aka yi wannan gawayi?

Ka sani an keɓe dajin Falgore tun zamanin Turawa, kuma doka ta hana sara a cikinsa ba izini. Dokar filaye ta 1978 ma cewa ta yi ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna domin jama'a. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli. Ashe ba doka muka rasa ba. Malamin daji ɗaya ne kan babur, ga daji ba iyaka, wani lokaci ga ɓarayin shanu da bindiga. In ya yi kamu, talaka mai gatari zai kama. Mai lodin mota kuwa ya san hannun da zai cika, in ma an kai shi kotu, tarar ba ta kai ribarsa ba.

Za ka ce, "Malam, yunwa fa? Da me uwata za ta yi tuwo, ga tsadar gas?" Wallahi maganarka tana da ƙarfi. Hukumar da ta hana mutum itace ba ta ba shi madadi ba, ita ma da alhaki a wuyanta, kuma shi ya sa alƙali kan ji nauyin ɗaure irin wannan. Amma mai tsintar busasshen reshe don girki daban, mai kayar da ɗanyen itace ya cika mota daban. Kada na biyu ya fake da hawayen na farko.

Dubi wanda ake cuta. Kogin Kano ta wannan daji yake biyowa ya zuba a madatsar Tiga, nan ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo. In daji ya zama fili, ruwan sama sai ya kwashi ƙasa ya jibge a cikinta, ta riƙa cikewa da laka. Manomin shinkafa a Kura da Kadawa shi zai biya, da masunci a Haɗeja, da ɗanka da ba a haifa ba. Cikinsu ba wanda zai iya kai ka ƙara, don bai san sunanka ba. In ka tashi neman yafewa, ƙofar wa za ka je?